Inda Mama Ta Yarda Ta Ci

Mama ta ɗaga cokalin da yatsu biyu, ta kai shi saitin haske, ta mayar. Yadda ta yatsine baki ya isa matar ɗanta ta gane cewa yau ma abincin nan komawa zai yi.

Tun da ta dawo gidan ɗanta da zama, loma ɗaya ta girkin gidan ba ta wuce maƙogwaronta ba. Mace ce mai tsantseni na fitar hankali, irin wadda ke wanke sabulu kafin ta wanke hannu da shi. Laifin kicin ɗin a wurinta ɗaya ne: bango ɗaya ya raba shi da banɗaki. Da ta ji an ja ruwa a can, sai ta tuna tukunyar da ke tafasa a nan. Shayi da biskit take rayuwa a kai, har zanenta ya fara zagaye ta sau biyu.

Dangi suka fara magana, wai ɗa ya kawo uwarsa yana horar da ita da yunwa. Maganar ta ƙona shi. Matarsa kuwa ta sha kalmar ƙazama har ta daina ɗago kai idan an faɗa.

Shi ne ya yanke shawarar gina wa Mama wurin girki a filin baya, a sarari, inda iska ke kaɗawa. Murhun gawayi biyu da ragar gashi, da faffaɗan farantin ƙarfe na soye-soye. Bai daɗe da sayen gidan ba, kuma aiki ba ya barinsa zama, don haka ya ce Mama ta zaɓi wurin da kanta, kada gobe a ce an yi ba daidai ba.

Ta zagaya filin tana tattare zane. Kusa da famfo akwai taɓo. Gindin bishiya tsuntsaye sun ɓata. Can ƙarshen katanga ta sami abin da take so: wani daɓen siminti shimfiɗaɗɗe, nesa da ɗakuna, ciyawa koriya shar ta kewaye shi.

Magini ya sosa ƙeya. "Mama, wannan wurin kam..."

"Gini aka kira ka ko shawara?" in ji ta. "Kuma ka wanke hannun nan kafin ka taɓa min bulo."

Ya dubi matar gidan da ke tsaye a bakin ƙofa. Ta dubi farcenta. Ya ɗauki cebur.

Mama ta kafa kujera ta tsare aikin. Ta sa aka tankaɗe yashi sau biyu. Ta kori lebura saboda ya fyace majina. Wani guntun bututu da ya leƙo a gefen daɓen ta sa aka sare aka toshe da siminti, don kada ƙadangaru su mayar da shi gida. Da mai walda ya kawo farantin ƙarfen, sai da aka dirje shi da toka da ruwan zafi har mutum na ganin fuskarsa, sannan aka ɗora shi a tsakiya aka ɗaure da bulo ta kowane gefe.

A cikin gida kuwa abin sai ƙara lalacewa yake. Banɗaki ya fara gurnani, ruwa ba ya tafiya, wari na bin ɗakuna. Mama ta toshe hanci da gefen mayafi, ta ce ai dama ta faɗa, gidan da mace ba ta da tsabta haka ƙarshensa yake. Ta ƙara gode wa Allah da ya nuna mata wurin da za ta tsira.

Ranar da aka hura wuta, ɗanta ya gayyato dangin da suka yi maganar, su zo su gani da idonsu. Mama da kanta ta jera kaji a kan raga, ta fasa ƙwai a farantin, albasa na ƙara. Ba ta bar matar ɗanta ta taɓa ko gishiri ba, iyakarta kawo kujeru.

Sannan Mama ta zauna ta ci. Ta ci cinya, ta ƙara da fiffike, ta tsotse ƙashi. Wata tsoka ta faɗo a kan daɓen, ta ɗauka ta hure ta jefa a baki, ta ce nan kam ko a ƙasa aka zuba mata za ta ci. Ɗanta ya juya baya ya share ido. Farin cikinsa na gaske ne, ya daɗe bai ga uwarsa tana tauna ba.

Tana suɗe yatsa aka buɗe ƙofar baya. Wani mutum ya shigo da dogayen takalman roba, yana jan ƙaton tiyo baƙi, ƙudaje na rakiyarsa. Warin da ya riga shi isowa ya sa kowa ajiye faranti.

Mama ta miƙe. "Kai, fita min da ƙazantar nan. Ba ka ga wurin abinci ba ne?"

Mutumin ya dubi murhun, ya dubi farantin ƙarfen, ya sauke tiyon a hankali.

"Yi haƙuri, Mama. Masai muka zo yashewa, murfin ramin yana ƙarƙashin farantin nan naku. Tun safe muke waje, matar gidan ce ta ce mu jira sai kin ƙoshi."