Yumɓun Bayan Bariki

Kai da kullum maganarka ita ce a bari sai an samu hali a gyara, zauna ka ji. An yi wata maginiyar tukwane a wani ƙauye da ke gefen tsohon barikin soja. Da sojoji suka kwashe komatsansu suka tafi, sai suka bar tudun da suka yi shekara da shekaru suna koyon harbi a jikinsa, ba shinge, ba wanda ya ce wa kowa uffan. Matar nan ta tona gindin tudun ta sami yumɓu mai danƙo, ga laushi, ga shi kusa da gida. Takan tsince guntayen harsashi ta watsar kamar mai tsintar tsakuwa a shinkafa, a zatonta shi ke nan ta raba shi da datti. Randunanta suka yi suna wajen sanyaya ruwa, har ta kai ba a kai amarya a garin sai da randarta. Wadda ta fi kowace kyau kuwa 'yar cikinta ta gina wa, haɗe da tukunyar kunu, kuma a cikinsu jikanta ya ci ya sha tun daga yaye.

Yaron ya taso ba kuzari, yau ciwon ciki gobe shiɗewa, 'yar maganar da ya fara koya ma ta gudu. An yi hayaƙi, an yi rubutu, abin tausayi rubutun ma da ruwan randar aka wanke shi. Ana nan sai ga ma'aikata da manyan motoci, hanci da baki a rufe, suka ce ƙasar tudun ta sha dalmar harsashi, guba ce, an aiko su su kwashe ta. Suka kankare tudun tas, suka zuba sabuwar ƙasa, suka ja waya suka kewaye wurin. Aiki dai ya yi kyau. Maginiya ta matsa ta tambayi babbansu wa zai kwashe wadda ta riga ta shiga ɗakunan mutane. Ya ce shi iyakar wayar nan aka ba shi. Ta wuce gidan 'yarta, ta ɗauki taɓarya ta fasa randar da ta gina da hannunta, ruwa ya malale tsakar ɗaki. Yaron na zaune a kan tabarma, ko firgita bai yi ba. Ta durƙusa ta kira sunansa, ta sake kira, yana kallonta kamar baƙuwa. Ranar da sojoji suka tashi ya kamata a kwashe ƙasar nan, shi ya sa Hausawa ke cewa, tun ran gini, tun ran zane.