Manhajar da Ta Ƙi Mutuwa

"Malama, ba tsufa ke damun kwamfutarki ba," in ji mai gyara. "Wata manhaja ce ke aiki a ɓoye. Ina kashe ta, tana tashi. Duk abin da kika buɗe, wani yana gani."

Ashe haka tsohon mijina ke gano duk gidan da na koma.

Yayata ta kama hannuna. Ita ta rako ni shagon, ita ta ba ni kwamfutar ranar da na gudu. "Rabu da ita, ƙanwata, mu tafi. Zan samo miki wata."

"Cire ta gaba ɗaya," na ce wa mai gyara.

"To. Amma ina cirewa, saƙo zai shiga wayar mai kallon."

"Ya shiga."

Ya danna. Fankar kwamfutar ta yi tsit, shagon ma haka.

Sai ƙarar saƙo ta fito daga jakar Yaya.

Ko kallon jakar ba ta yi ba. Ta ƙara damƙe hannuna, ta ce, "Zauna. Ya kusa ƙarasowa."