Tantin da Ba Shi da Nauyi

"Kawu, ko in sauko in goya ka ne?" na ƙwala masa kira daga tsakiyar dutsen. Abokaina suka fashe da dariya. Yana can ƙasa yana jan ƙafarsa mai ciwon gwiwa.

Ni kuwa tafe nake kamar ba kaya a bayana. Jiya a shago ni na zaɓi tantin da za mu kwana a ciki. Na ɗaga wannan, na ɗaga wancan, na ɗauki wanda ya fi rashin nauyi. Mai shago ya fara bayani, na ce, "Malam, na san abin nan," na fice na bar Kawu a tsaye. Tun safe nake cika baki, wai zaɓen kaya sai mai ido.

Muna kaiwa sama hadari ya haɗo. Na zazzage jakar da sauri. Yadi ne zalla, ba ƙarafa, ba turaku.

"To, mai ido, lulluɓa za mu yi da shi?" in ji wani abokina.

Ina cikin zagin mai shago Kawu ya iso, sharkaf da gumi. Ya sauke wata doguwar jaka, ƙarafa suka yi ƙara a ciki.

"Jaka biyu ne, ɗana. Mai nauyin ka baro a shago."

"Me ya sa ba ka faɗa mini ba?"

Ya zauna yana murza gwiwarsa. "Na ga kana jin daɗin tafiyar."