Har Man Ya Gama Tsiyaya

A unguwar Sharafiyya muke zaune lokacin, Baba yana jigilar alhazai a motar kafilinsa, wato ubangidansa. Wata la'asar ya dawo daga Madina idanunsa jawur, ga wasu fasinjojin Makka suna jiransa bayan magariba. Ya ce sai ya yi juyen mai tukuna. Ya ajiye sabuwar filta a gefe, ya shimfiɗa kwali, ya shige ƙarƙashin motar da tsohon gwangwani.

Inna ta aike ni da shayi. Ƙafafunsa kawai na gani, ba sa motsi. Na kira shi, shiru. Na ruga ciki ina ihu, "Inna, mota ta danne Baba!"

Ta fito ba mayafi, ta durƙusa, sai ta ji minshari.

"Halas, ya isa, 'yar nan, barci yake. Ƙyale shi har man ya gama tsiyaya."

Na tsuguna cikin warin ƙonannen mai, ina kallon ɗigon yana raguwa, ina roƙon Allah kada ya ƙare.

Yanzu na girmi Baban wannan ranar, na kuma san irin gajiyar. Hutun da na taɓa ganin ya yi ke nan.