Ƙwan Mabiyiya

Tun da aka kafa dokar raino, duk mai sabon ciki tana sanye da awarwaro mai auna girman mabiyiya da sinadaran jininta. Na Hansatu ya wayi gari ja, ta nufi rumfar rabon abinci.

"Sati takwas, mabiyiya ta ƙi girma," in ji Dije mai rabo, ko sallama ba ta amsa ba. "Wa ke cinye ƙwan da muke ba ki?"

"Innata ce ba lafiya, Hajiya."

"Innarki ce ke da cikin?"

Hansatu ta haɗiye fushinta, ta miƙa kwano. Dije ta ture shi, ta nuna benci inda mata shida ke tauna ƙwansu a gaban mai gadi.

"Zauna. In kin haɗiye, ki buɗe baki in gani."