Kujera Ɗaya Zuwa Bichi

Shekara shida ke nan da aka hana kowa mallakar mota a Unguwar Lambu. Motar unguwa kaɗai ke fita, kuma sai ka rubuta suna tun ana gobe tafiya.

Da hantsi aka bugo wa Malam Barau waya: yayansa ya rasu a Bichi, jana'iza bayan azahar. Ya ruga wurin Lantana, mai rubuta sunayen matafiya.

"'Yata, kujera ɗaya kawai."

"Allah ya jiƙansa, Baba. Ta yau ta cika, sai gobe."

"Gawa tana jiran gobe ne?"

Ta sunkuyar da kai. "Baba, kai ka tsara dokar."

Haka ne. Shi ya fara sayar da motarsa, har aka yi masa tafi.

Azahar ta same shi a tsohon garejinsa, tsakanin shukar alayyafo, yana jujjuya makullin motar na biyu da bai taɓa miƙa wa mai saye ba.