Ba Mu Jefar da Kai Ba

Da aka zazzage akwatin zaɓensa a garin Isa, ƙuri'un ko faifai ba su rufe ba. Ɗan takarar ƙaramar jam'iyyar ya tuna rugagen da ya bi da keke duk kaka, inda makiyaya suka dafa ƙirji suka ce, "Naka muke." Kujerar majalisar Ikko ta kuɓuce, fushi ya maye gurbinta. Ya daina amsa sallamarsu. Ko da ardonsu ya rasu, bai je ta'aziyya ba.

Kafin damina ta faɗi, ɗan ardon ya tare shi a kasuwar Sabon Birni da gaisuwa.

"Ku da kunka yaudare ni, mi ya kawo ka?"

"Yaudara, Malam? Kai kac ce takardar ƙuri'ar nan ita ce mutuncinmu. Wa za shi jefa mutuncinsa a akwati? Baffa ya kai wa baduku, ya ɗinke mana."

Ya janye wuyan rigarsa. Jar laya ce, gumi ya baƙanta ta.

"Da tasa a wuya Baffa ya cika. Ya ce in faɗa maka, ba mu jefar da kai ba."